Kwana Arba'in Na Yi Ina Tunani Kafin In Zalunci Ƙanena

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. Ka yi mini uzuri, ba zan ambaci sunana ba balle na wani, domin waɗanda abin ya shafa wasunsu suna raye, kuma na riga na ɗora musu abin da ya ishe su. A lokacin da wannan abu ya faru ni tela ne a kasuwar Gadarif, shekarata talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ni ne babba a gidanmu tun da mahaifinmu ya rasu. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa za su hajji, guzuri ya ƙare musu a nan, suka kama noma, mu kuma muka buɗe ido muka gan mu 'yan gari. Ɗinkina ba wani abin a zo a gani ba ne, jallabiya ce da wando, amma an san ni da abu ɗaya a unguwa: ba na ba da amsa a ranar da aka tambaye ni. Kome aka kawo mini sai in ce a bar ni in kwana da shi. Abokaina har tsokanata suke yi, wai ko sunana aka tambaya sai na nemi a dawo gobe. Sannu a hankali dattawan da ke sasanta mutane, waɗanda muke kira ajawid, suka fara aiko mini in zo in zauna da su, ni da ko furfura ban yi ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga kaina. Na ɗauka kuskure na masu zafin kai ne, waɗanda bakinsu ke riga hankalinsu, ni kuwa Allah ya raba ni da shi.

Ina da ƙane, shekara shida na ba shi, kuma halinmu ya sha bamban. Shi mutum ne mai fara'a da ƙarar dariya, ba ya iya zama wuri ɗaya, bai kuma taɓa riƙe sana'a guda ba. Da damina yana gonarmu, da kaka ya tafi yankan riɗi a manyan gonaki, da rani kuwa duk abin da ya samu. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya taɓa sayar da akuyar Innarmu ba da saninta ba, ya bi abokansa yawo Kassala. Inna ta yafe masa tun kafin mako ya zagayo. Ni ne ban manta ba. Na ninke abin na ajiye a zuciya yadda nake ajiye ƙyallen da ya rage a shago, wai ko wata rana zai yi amfani.

Mu a nan ba rumbu muke yi ba, a ƙasa muke ajiye hatsi. Rami ne mai zurfi ake haƙawa, sunansa matmura, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba dawa har ta cika, a sake rufewa da ƙaiƙayi da ƙasa, a yi masa tudu don ruwa ya gangare. In an yi shi da kyau dawa takan shekara biyu uku ba abin da ya same ta. Wata shekara Allah ya ba mu albarka, muka haƙa sabuwar matmura a filin bayan gida muka cika ta da dawa, muka yi alkawari wannan ta ranar wuya ce, ba mai taɓa ta. Damina biyu ta wuce a kanta, ta biyun ma da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A ta uku ruwa ya ɗauke tun shuka tana ƙarama, gonaki suka ƙone, dawa ta yi tsada har mutane suka koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ɗaki uku ne ke kallon ramin nan: iyalina, iyalin ƙanena, sai Inna da ƙannenmu mata biyu da ba a aurar ba.

Ranar da za mu buɗe na kira masu haƙa biyu, da hantsi. Suka yi ta yaye ƙasa, suka yi ta yayewa, da kyar suka tarar da ƙaiƙayi. Dawar ta yi ƙasa sosai. Kowa ya san hatsi yakan zauna kaɗan in ya daɗe, amma ba irin wannan ba, wajen kashi ɗaya cikin uku babu shi babu dalilinsa. Ina tsaye a bakin ramin, na ɗaga kai, idona bai sauka a kan kowa ba sai ƙanena, yana riƙe da igiyar jaki. Ya kawo sabon karonsa ne, wato amalanken jaki, don a kwashi buhuna, watansa biyu ke nan da sayensa. A wannan ƙiftawar ido zuciyata ta gama shari'a ta yanke hukunci. Yanzu ne na san haka. A lokacin ce wa kaina na yi zato ne kawai, zan bincika. Ban ce uffan ba, har yaba wa kaina na yi, na ce da wani ne da tuni ya ci kwalarsa a gaban baƙi.

Kwana arba'in na yi ina tunani. Ƙafata tana kan keken ɗinki, hannuna yana kan yadi, hankalina yana cikin rami, har na ɗinke wa wani mutum hannun riga a baibai. Kullum sai na koma gida da sabuwar hujja, kuma kowace ta zauna daram. Ɗakin ƙanena ne mafi kusa da matmura. Na tuna bayan babban ruwan nan shi da bakinsa ya ce mini tudun ya lotsa, ya ƙara masa ƙasa, ni kuma na ce masa ya kyauta. Yanzu sai na ce ashe sawunsa yake rufewa. Na je wurin wanda ya sayar masa da karo, ya tabbatar mini kuɗin gumin ƙanena ne na yankan riɗi kaka biyu, ya daɗe yana tarawa. Na ce ai ɓarawo mai wayo dole ya tanadi labari. In na ji dariyarsa a tsakar gida in ce ba shi da kunya. In ya yi shiru, don shi ma damuwar hatsin tana cinsa, in ce laifi ne ya dabaibaye shi. Ranar da ya yi dakon kaya ya samo ɗan garin tuwo ya kawo wa Inna, cewa na yi yana mayar da kaɗan daga abin da ya ɗiba ne don ya samu barci. Ba abin da bawan Allahn nan zai yi a kwanakin nan da ba zai zama hujja a kansa ba, kuma ni ina ganin wannan shi ne zurfin tunani.

Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne, gaskiya ta zo har gabana ta tsaya, ba sau ɗaya ba. Da muka kwashe dawar da ta rage, bangon ramin ta gefen gabas ya rufta, ƙasar wurin ta yi laushi. Ɗaya daga cikin masu haƙar, tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa a wannan aiki, ya bubbuga wurin da ƙotar fartanya ya ce shi fa bai yarda da ƙarar ƙasar nan ba, a bar shi ya tona gaba kaɗan. Na hana shi, domin na riga na fahimci abin da nake so in fahimta: ta nan ɓarawo ya haƙo, kuma ba na son bare ya tona asirin gidanmu. Inna ma ta ce ita kamar ta tuna mahaifinmu ya taɓa yin rami a wajen nan tun ban yi wayo ba, aka daina amfani da shi aka cusa masa kara da shara. Na ce mata to, na sunkuyar da kai cikin ladabi, a zuciyata kuwa na ce uwa ce, tana neman mafita ga ɗan lelenta. Matata, da ta lura da yadda nake kallon ƙanin nawa, ta ce in dai akwai abin da ke raina in kira shi gefe in tambaye shi, mu biyu, kamar yadda 'yan uwa ke yi. Na ce mata ban gama nazari ba, kuma ba kowace magana ake yi da ka ba. Na ji haushinta ƙwarai, na kwana biyu ba na amsa mata sai da ƙyar.

Da kwana arba'in suka cika, ranar wata Juma'a bayan la'asar, na tara baffanmu, ƙanin mahaifinmu, da limamin unguwa da ajawid biyu a rumfar Inna. Aka kira ƙanena ya zo ya zauna a bakin tabarma, bai san abin da ake ciki ba, har yana tsokanar baffa. Ban ɗaga murya ba. Na jero hujjojina ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, na ce Allah ya sani ban so haka ba, na yi iya ƙoƙarina in wanke shi na kasa. Wannan ita ce ƙaryar da na fi jin kunyarta, domin ko awa ɗaya ban yi ina ƙoƙarin wanke shi ba, amma a lokacin na yi imani da abin da nake faɗa. Ba wanda ya ja da ni. Kowa ya san ba na magana da gaggawa, in na ce na yi kwana arba'in to magana ta ƙare. Baffa ya sa aka ɗauko Alƙur'ani ya ce wa ƙanena ya dafa. Ƙanena ya dube ni ya ce shi ba zai dafa Littafin Allah a kan dawar da ya shuka da hannunsa ya yanka da hannunsa ba, kuma in har Yayansa ya iya zama ya yi masa wannan zato, rantsuwa ba za ta wanke kome ba. Na ce wa jama'a sun gani da idonsu. Allah kuwa ya sani, da ya dafa ma na riga na tanadi abin da zan ce, cewa wanda ya iya cin abincin uwarsa rantsuwa ba za ta gagare shi ba.

Bayan kwana uku ya ɗora matarsa da jaririyarsu a mota suka tafi Hawata, can bakin kogin Rahad, inda dangin matar suke. Karon da jakin ya ɗaure su a ƙofar Inna, ya bar saƙo a ce mini in sayar in sayi hatsi. Na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, na sayar, muka ci. Inna ba ta sake yi mini maganar ba. Sai dai tun daga ranar in aka kai mata abinci daga ɗakina takan ce ta ƙoshi, sai ƙannena mata sun dafa take ci, kuma ta daina kirana da sunan da take kirana tun ina yaro, ta koma ce mini Malam kamar sauran mutane. Shekara huɗu ta yi a haka ta rasu. Ƙanena ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya, ya yi zaman makoki a gidan wani abokinsa, aka yi addu'ar uku ya koma. Mun gaisa, ya durƙusa mini kamar yadda ya saba. Ni kuwa har ina ganin na yi babban halin girma da na miƙa masa hannu.

Shekara tara bayan wancan taro babban ɗana zai yi aure, muka ce a gina masa ɗaki a filin bayan gida, a haƙa masai a gefe. Masu haƙa ba su kai ƙugu ba sai wani wari ya taso, fartanya ta faɗa cikin wani baƙin abu da ya dunƙule kamar tsohon taki. Aka kira ni daga shago. Na tsuguna na ɗebo da hannuna na murza, ga ƙwayar dawa nan, ta yi baƙi ta ruɓe amma ba ta ɓace ba. Suka ci gaba da tonawa, abin ba ya ƙarewa. Tsohon ramin mahaifinmu ne, tsakaninsa da namu bai kai kamu ɗaya ba. Karan da aka cusa masa ya ruɓe ya bar kogo, ƙasarmu kuwa kowa ya san ta, da rani takan tsage har ƙafar mutum ta shige, ruwa ya bi ta nan ya ci bangon, dawar ta kwarara ta cika kogon, ƙasa ta rufe a kanta. Aikin rabin yini ne. Abin da tsohon nan ya roƙe ni in bar shi ya yi ke nan na hana. Na zauna a kan tarin ƙasar, ina ta jin kunya a gaban ma'aikatan da ba su ma san labarin ba.

Ka san hali, Edita, a nan ma sai da na ce a bar ni in yi nazarin yadda zan tunkari ƙanena. Matata ta ce wallahi in ban hau mota gobe ba ita za ta hau, nazarina ya ishi kowa haka. Na ƙulle ruɓaɓɓiyar dawar a ƙyalle na tafi. Na same shi a lambunsa na albasa a bakin kogi, ya rame, kansa ya yi fari fiye da nawa, dariyar nan tasa mai ƙara kuwa ban ji ta ba ko sau ɗaya. Ya karɓe ni, ya sa aka dafa mini gahawa, na kwance ƙyallen a gabansa na faɗa masa kome, ina kuka ban san ina yi ba. Ya taɓa dawar da yatsa ya ce ma'alesh, khalas, wato ba kome, ya wuce, shi ya yafe tun ranar da aka sa Inna a kabari, don ba ya son ta kwanta da nauyinmu. Sannan ya ce abu ɗaya ne yake so in sani. Da ma a ce ranar da aka buɗe ramin na zage shi ko na mare shi a gaban kowa, da shi ma ya tayar da jijiyar wuya, da an yi hayaniya an tona wurin an gani, da kafin magariba mun ci tuwo a kwano ɗaya. Amma da na yi shiru kwana arba'in, sai kowa ya ce ai wane ba ya kuskure, ba a bar masa ko ƙofar da zai bi ya kare kansa ba. Ya ce har Hawata maganar ta biyo shi, shekara da shekaru ba wanda ke ba shi ajiya ko tsaron gona. Ya tambaye ni, ba da faɗa ba, ko a cikin kwana arba'in ɗin nan akwai rana ɗaya da na ware masa, na zauna na yi tunanin ko ba shi ba ne. Na duba, na sake dubawa, ban samu ba.

Na dawo na nemi mutanen da na tara a rumfar Inna. Baffa ya rasu, ɗaya daga cikin ajawid ma ya rasu, sun tafi da abin da na gaya musu. Bayan sallar Juma'a na miƙe a masallacin unguwa na faɗa wa jama'a cewa na yi wa ƙanena ƙazafi, ga abin da aka gano. Aka yi ta salati, aka ce Allah sarki, kowa ya ɗauki takalminsa. Rabin masu sauraron ma ba su san shi ba, waɗanda suka san shi kuwa sun daɗe da sabawa da wancan labarin. Daga ranar na daina zaman sulhu. In aka aiko in ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya nake yi ba, don gajiyar da ta kama ni tun lokacin har yau ba ta sake ni ba.

Ban rubuto wannan don in ce mutane su daina tunani su riƙa yanke hukunci da zafin kai ba. Abin da na gane, a makare, shi ne tsawon tunani ba ya nufin adalcinsa. Zuciya tana da saurin yanke hukunci, musamman a kan wanda ta daɗe da yi wa tambari, sai ta miƙa wa hankali aikin nemo dalilai, shi kuma in ya ƙware a aikin sai ya nemo su da yawa, masu kyan gani. Mai zafin kai aƙalla yakan san ya yi zafi, ya huce ya dawo. Irina ne ba ya dawowa, domin yana ganin ya riga ya biya haƙƙin bincike. Ina roƙon duk wanda ake yaba wa hankali, a gida ko a wurin aiki, in ya kama kansa yana tara hujja a kan wani, ya tsaya ya tambayi kansa gaskiya yaushe ne ya yanke hukuncin, kafin hujjojin ne ko bayansu. Ya tambayi kansa kuma me zai gani ya yarda shi ne bai yi daidai ba. In ya ga ba abin da zai iya sauya masa ra'ayi, to ya sani ba tunani yake yi ba, kare kansa yake yi. In kuwa akwai abin da za a iya tonawa a gani da ido, ya ajiye nazari ya ɗauki fartanya.

Yanzu na tsufa, idona ba ya ganin kafar allura, na bar wa 'ya'ya shago. Na sha roƙon ƙanena ya dawo, ga filinsa nan ban bari an taɓa ba, kullum sai ya ce in sha Allah baɗi. Yakan zo mini da salla, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce mini Yaya kamar da, kuma ba ya zuwa hannu rabbana, ko albasa ce ko busasshen kifi sai ya riƙo. Amma duk abin da ya kawo mini, kafin ya ajiye shi a gabana, sai ya fara faɗa mini inda ya samo shi.